Kwana biyar a coci, amma zuciyata ta bushe

Tambaya: "Salama cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana uku, ƙaramin bai kai yaye ba. Ɗinki nake yi. An yi mini baftisma shekara 11 da suka wuce. Ina Zumuntar Mata, ina ƙungiyar mawaƙa, ina kuma koyar da yara a Makarantar Lahadi. In aka haɗa da Lahadi, kwana biyar nake zuwa coci a mako. Amma in na durƙusa a ɗakina da dare, ba abin da ke fitowa sai hamma. Kowace sabuwar shekara nakan fara karatu daga Farawa, kafin Fabrairu ta yi nisa na ajiye. Wata bakwai ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, tun ranar da wata 'yar Zumunta ta ce a gaban mata na ci kuɗin zanen Zumunta da nake karɓa. Daga baya aka gano kuskuren rubutu ne, amma har yau ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ba na gaishe ta. Maƙwabciyata ta ce an ɗaure mini ruhu ne, in bi ta wurin da suke kwanan addu'a. Na ja da baya ne? Ko in sauya coci?"

Amsa: 'Yar'uwa, salama gare ki. Sannu da hidima, da fatan maigida da yara suna lafiya.

Bari mu fara kwantar miki da hankali a kan abin da ya fi tsorata ki. Wadda ta juya wa Ubangiji baya ba za ta zauna ta rubuta wasiƙa don addu'arta ta bushe ba, ko a jikinta. Damuwar nan da kike ciki alamar rai ce. Ki buɗe Zabura 13, za ki ga Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 42 ta mutum ce wanda a dā shi ke gaban jama'a in za su Haikali da waƙoƙin yabo, yanzu kuwa hawaye ne abincinsa dare da rana. Zabura 88 har ta ƙare haske bai keto ba, da duhu aka rufe ta, duk da haka Allah ya bar ta a cikin Littafinsa don masu bi su yi addu'a da ita.

Sai dai ba za mu ce miki ba komai ba. Abu uku muka gani a wasiƙarki, babu ɗaurin ruhu a cikinsu: jiki da ya gaji, tsarin karatu da bai dace da ke ba, da gaba ta wata bakwai. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na ukun ya rinjayi sauran biyun ko an haɗa su, amma za mu fara da mai sauƙi.

Ki ƙirga. Kina goyo, barcinki a yanke yake. Kina wuni a kan keke. Yamma huɗu a mako kina coci, ki dawo ki tarar da tukunya tana jira. Ƙarfe goma na dare ki durƙusa a bakin gado, fuska a kan katifa. Duk wanda ya yi haka barci zai yi, ko fasto ne. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai fara da wa'azi ba. Waina da tulun ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya sake kwantawa, ya kuma ta da shi ya ci karo na biyu. Magana ta zo ne bayan ci da barci. Don haka in kina yawan jin jiri, ko numfashinki na ɗaukewa a ɗan aiki kaɗan, ki je asibiti a duba jininki, ƙarancin jini ba baƙo ba ne ga mai shayarwa. In kuma kin kai mako biyu ba kya iya barci ko cin abinci, kina kuka ba dalili, ko tunanin mutuwa yana zuwa miki, ki gaya wa maigida ku ga likita a makon nan. Addu'a da magani ba sa faɗa.

Sai ragin kaya. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa uku kika sa a baki. Akwai tambaya ɗaya da za ta nuna miki inda yoyon yake: yaushe rabon da ki zauna ki ji wa'azi daga farko har ƙarshe? A coci da yawa ajin yara yana tafiya ne daidai lokacin wa'azin manya, malamar yara ta shekara tana rabon abinci ita ba ta ci ba. In haka ne a wurinku, ki nemi shugaban Makarantar Lahadi ya sa karɓa-karɓa: Lahadi biyu kina aji, biyu kina cikin sujada. Ƙungiyar mawaƙa kuma, wadda ke cin yamma biyu, ki nemi hutun wata uku. Ki je wurin shugabanta da kanki, ki faɗi ranar da za ki tsaya da ranar da za ki dawo. Kada ki sulale shiru, domin a halin da ake ciki za a ce fushi kika yi, magana ta ƙara tsawo. Kada kuma ki ajiye komai gaba ɗaya. Wadda ta sauke duk hidima rana ɗaya, sau da yawa bayan wata biyu Lahadin ma sai ta fara yi mata nauyi. Zumuntar Mata kuwa ki riƙe ta a yanzu, ko da ita ce ta fi yi miki ɗaci, dalili yana zuwa a gaba. In zuciya ta ce miki rage aiki zunubi ne, ki karanta Fitowa 18, inda Yetro, surukin Musa, ya ga Musa yana shari'a tun safe har yamma ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'a.

Maganar karatu. Abin da ke kayar da ke kowace Fabrairu lissafi ne, ba shaiɗan ba. Littafi Mai Tsarki babi 1,189 ne. Mai son gama shi a shekara sai ya ci babi uku zuwa huɗu kullum. Farawa babi 50, Fitowa 40. In kin fara ranar 1 ga Janairu da babi uku a rana, ranar 25 ga wata za ki shiga Fitowa 25, daidai inda awon alfarwa ke farawa: katakai, labule, ƙawanya, tsawo da faɗi. Ranar 31 ki shiga Littafin Firistoci da dokokin hadayu. Ranar 4 ga Fabrairu kina babi na 13, ana bayanin yadda firist zai duba tabo a fatar mutum. Duk Maganar Allah ce, amma wuri ne da ke bukatar mai jagora da natsuwa, ke kuwa kin shigo shi ne da gajiyar ɗinkin Kirsimeti a jikinki. Ga kuma bashi: yaro ya yi zazzaɓi kwana uku, babi tara sun taru, da na yau sha biyu. Sai kunya ta kama ki, ki rufe Littafin sai wata shekara.

Ki bar wannan tsari tukuna. Sabon Alkawari babi 260 ne, wato babi ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, mako 52 cif. Asabar ba sabon karatu, in akwai wanda ya wuce ki a makon ki cike, in babu ki huta. Lahadi da yamma ki sake karanta nassin da aka yi wa'azi a kai. Ba dole ki bi jerin littattafan ba. Ki fara da Markus, babi 16, mako uku da kwana ɗaya kin gama, gamawar nan kuma ita ce za ta ba ki ƙarfin gwiwa. Daga nan Filibiyawa, babi huɗu, sai Yakubu, babi biyar. Sa'an nan Luka da Ayyukan Manzanni a jere, tunda mutum ɗaya ya rubuta su, labarin yana ci gaba ne daga na farko zuwa na biyu. Firistoci zai jira ranar da kika isa Ibraniyawa. In kika karanta su tare, za ki ga abin da hadayun nan suke nunawa, littafin da ya kayar da ke shekara da shekaru ya buɗe.

Doka ɗaya ce a wannan tsari: ba bashi. In mako ya wuce ki gaba ɗaya, ki ci gaba daga inda kika tsaya, kada ki ninka. Manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji a Fitowa 16, na rana ɗaya ake tarawa, wanda aka ajiye ya kwana tsutsa ya yi. In babin ya yi tsawo, kamar Luka 1 mai ayoyi 80, ki raba shi biyu, ba wanda ke binki da sanda.

Fassara ma tana da tasiri. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi, dattawa da yawa kuma har yau da ita suka haddace ayoyi. Amma Hausarta da rubutunta sun tsufa. Akwai wadda ta biyo baya bayan kusan shekara hamsin, akwai kuma ta Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin harshe. Kada sunaye su rikita ki: Yahaya a wata Yohanna ne a wata, Karin Magana kuma shi ne Misalai. Ki ɗauki wadda in kin karanta ba sai kin tsaya kina fassara Hausa zuwa Hausa ba. In kuma da Hausa kike tunani da faɗa da yara, da Hausa za ki yi karatun ɗaki, ko da da Turanci ake sujada a cocinku.

Lokaci: kada ki ɗaura wa kanki tashin ƙarfe huɗu na asuba alhali yaro ya tashe ki sau biyu cikin dare. Ki jingina karatun da abin da ba ya sauyawa a yininki. Ga mai ɗinki, mafi kyau shi ne da zarar kin buɗe shago kin share, kafin ƙafarki ta taɓa keke. Minti 15. Ki ajiye Littafi na takarda a shagon, a naɗe da ƙyalle saboda ƙura, tare da littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Waya tana da amfani, a manhajar YouVersion akwai fassarar Hausa, akwai kuma karatun Hausa na murya da za ki iya saurara lokacin guga ko ɗinkin hannu. Amma a cikin minti 15 ɗin nan ki kashe data, domin saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya tafi da su duka.

Ki karanta da murya ƙasa-ƙasa, ba da ido kaɗai ba. Baki in yana motsi, hankali ba ya saurin tafiya kasuwa. Sai ki yi wa nassin tambaya uku: me ya faru ko me aka ce, me wannan ya nuna game da Allah, me zan yi da shi kafin in rufe shago yau. Ga misali daga ranar farko. A Markus 1, Yesu ya warkar da surukar Bitrus. Da rana ta faɗi duk garin ya taru a bakin ƙofa. Da asuba tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a. Saminu, wato Bitrus, ya same shi ya ce kowa na nemansa, shi kuwa ya ce su tafi wasu garuruwa. Abin da za ki rubuta bai wuce haka ba: kwanan wata, "Markus 1:35-38", sai layi ɗaya, "Kowa na nemansa, amma da Uba ya fara, kuma ba kowane kira ya amsa ba. Yau zan gaya wa shugaban mawaƙa." Layi ɗaya ya isa. Masu cika shafi a makon farko su ne ke dainawa a mako na uku.

Addu'a kuma ki mai da ita nan, bayan karatu, kina zaune a kujerarki ido buɗe in kin so. Abin da kika karanta shi zai ba ki ta cewa, ba sai kin tono daga busasshiyar rijiya ba. In ba ki san inda za ki dosa ba, ki ɗauki Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13 gaɓa-gaɓa, maimakon ki zuba ta a numfashi ɗaya. In kin zo kan abincin yau, ki ambaci kuɗin makaranta da hayar shago da sunansu. In kin zo kan gafara, ki tsaya, domin a nan naki ƙullin yake. A bayan littafin rubutun ki jera sunayen mutum biyar da za ki riƙa ɗauka, da abin da kike roƙa musu, da kwanan wata. Ranar da baki ya ƙi buɗewa sam, ki karanta Zabura ɗaya da murya, ki ce amin, addu'a ce cikakkiya. Da dare kuma, maimakon ki yi kokawa da barci ke kaɗai, ki roƙi maigida ku tara yara kafin su kwanta: baiti biyu daga Littafin Waƙoƙi, ayoyi kaɗan, addu'a ɗaya. Minti goma. In ta wuce haka yara za su tsane ta, ku ma ba za ku ɗore ba.

Kada ki auna girma da daɗin da kike ji. A Markus 4:26-29 mai shuka yana barci yana tashi, iri yana tsiro bai san ta yaya ba, da farko ganye, sa'an nan kai, daga baya ƙwaya. Bayan wata uku ki buɗe littafin rubutunki daga farko, ki kuma dubi shagonki. Mai kaya ta zo tana ɗaga murya, me kika mayar mata? Kin ce wa wata "gobe" alhali kin san ko yanka atamfar ba ki yi ba? Ranar da kika iya cewa "Mama, gaskiya sai Laraba", ko da za ta kwashe kayanta, aminci da ke cikin Galatiyawa 5:22 ya fara ƙwaya. Ki kuma nemi dattijuwa ɗaya a ikkilisiya, kamar yadda Titus 2:3-5 ya tsara, wadda ba a taɓa jin sirrin wani a bakinta ba. Ki riƙa zuwa wurinta bayan kowane mako biyu, rabin awa, ki ba ta izini ta tambaye ki abin da kika karanta da kuma wanda kike fushi da shi.

Yanzu ga babbar maganar. An cuce ki, wannan ba musu. A kira mace ɓarauniya a gaban 'yan'uwanta mata ba ƙaramin abu ba ne, balle ke da sana'arki kan amana take, mutane suna bar miki atamfofinsu da kafin alƙalami. Kuma da gaskiya ta fito, ya kamata a ce wadda ta yi maganar ta zo. Ba ta zo ba. Amma ki duba abin da wata bakwai suka haifar: kina tsayawa a gaba kina waƙar ƙauna, idonki yana kauce wa benci guda, in kin zo gafara a cikin addu'a harshe ya yi nauyi. Zuciya ba ta iya ƙulle ƙofa ɗaya ta bar sauran a buɗe. Mu a ganinmu daga nan mafi yawan bushewarki ta taso.

Kina jiran ta zo, wataƙila ita ma kunya ta ɗaure ta tana jiran ki saki fuska. Yesu bai bar wa kowa wurin jira ba. A Matiyu 5:23-24 ya ce wanda ya tuna ɗan'uwansa na da magana a kansa ya bar baikonsa ya je. A Matiyu 18:15 kuma ya ce wanda aka yi wa laifin shi ma ya je, su biyu kaɗai. Ko ta ina aka duba, tafiya ta hau kanki. Kuma ba ku ne farau ba. A Filibiyawa 4:2-3 Bulus ya ambaci mata biyu da suka saɓa, Afodiya da Sintiki, ya ce sun yi fama tare da shi a aikin bishara, sunayensu kuma suna cikin littafin rai, ya roƙi wani ya taimaka ya sulhunta su. Bai kore su ba, bai kuma ce a bar maganar ta mutu da kanta ba.

Ki yi mako ɗaya kina ambaton sunanta a addu'a, kina roƙa mata alheri da 'ya'yanta, ko da da farko bakinki ne kawai ke faɗa. Sa'an nan ki taka zuwa gidanta, zumunta a ƙafa take. Ba a bakin coci bayan an tashi ba, inda idanu suke. Ba ta saƙon waya ba, ba ta saƙon murya da za a iya turawa gaba ba. Ki zaɓi lokacin da ba ta kan murhu, ki gaisa yadda ya kamata, ki tambayi gida, sa'an nan ki nemi ku keɓe. Maganar kada ta yi tsawo, kada kuma ki tono wani tsohon zance. In ta girme ki, misali: "Mama, na zo ne a kan maganar kuɗin zane. Ranar nan kin ce a gaban mata na ci kuɗi, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kin kuma san an gano kuskuren rubutu ne. Ni ma ina da nawa laifin, wata bakwai ina kau da kai in mun haɗu, ki gafarta mini wannan. So nake mu gyara tsakaninmu." Daga nan ki yi shiru, ki bar ta ta yi magana, ko da shirun ya yi nauyi.

Inda akan ɓata wannan tafiya: a je da ƙawa "don shaida" tun karon farko, sai ta ga taron dangi aka yi mata. Ko a fara da "na yafe miki" kafin a faɗi abin da ya faru, wanda ke fita kamar gori. Ko a ce "ba komai, ya wuce" don gudun nauyi, a dawo gida da ciwon yadda yake. Sai kuma wanda ya fi yawa a cikin zumunta, wato habaici: a zaɓi waƙa mai harbi, ko a miƙe lokacin roƙon addu'a a ce a yi wa "masu ɓata sunan mutane" addu'a. Wannan rama ce aka sa mata zanen Zumunta.

In ta ba ki haƙuri, ki karɓa ba tare da ƙari ba, ku yi addu'a tare, ranar Zumunta kuma ki gaishe ta a gaban mutane, domin a gabansu abin ya faru. In ta kama kame-kame, "ai ba haka nake nufi ba", ki gane cewa ga wasu iyakar abin da za su iya ke nan a ranar farko, ki ba ta lokaci. In ta rufe ƙofa ko ta maimaita zargin, sai mataki na biyu a Matiyu 18:16: ki koma da mutum ɗaya ko biyu da ku duka kuke girmamawa, kamar matar fasto ko shugabar Zumunta, ba aminanki ba. Sai wannan ya gagara ake kai wa dattawan ikkilisiya.

Akwai kuma haƙƙinki da bai rataya a wuyanta ba. Tunda a taro aka yi zargin, daidai ne ki roƙi shugabar Zumunta a karanta gyararren lissafin a taro, a faɗa a fili cewa kuɗi sun cika. Neman wanke suna ba rashin gafara ba ne. Nan gaba kuma kada ki sake karɓar kuɗin ƙungiya ke kaɗai: mutum biyu su ƙirga, kowace mai biya a rubuta sunanta da adadi a gabanta ta sa hannu, marubuciya ta riƙe littafi, ma'aji ta riƙe kuɗi, a karanta jimla a kowane taro, kuma kada kuɗin Zumunta su shiga asusunki na banki ko su kwana a aljihun shago.

Da wannan za ki ga amsar sauya coci. In kin tashi yanzu, da ƙullin za ki tafi, a sabon wurin ma akwai mata, akwai kuɗin zane. Ana barin ikkilisiya in an kauce daga koyarwar Littafi, ko ana rufa wa zalunci asiri, ko ƙaura ta kama, kuma akan fita ne ta ƙofa, da sanin fasto da takarda, tare da shawarar maigida. Kwanan addu'a ba laifi ba ne, Yesu kansa ya kwana yana addu'a a Luka 6:12. Amma ki auna wurin kamar yadda mutanen Biriya suka auna wa'azin Bulus da Nassi a Ayyukan Manzanni 17:11. Ana buɗe Littafi a karanta a bayyana, ko aya ɗaya ake jefawa a wuce? Ana sa wa addu'a farashi, ana sayar da mai ko ruwa? Ana nuna wa mutane maƙiyansu a cikin dangi da maƙwabta? Wannan na ƙarshe shi ne haɗarinki, domin kin riga kina da suna a zuciya. Ranar da wani ya ce miki "wata mace ce a cocinku", gabar wata bakwai za ta zama ta har abada. Ki gode wa maƙwabciyarki, da alama tausayinki take ji, ki ce mata kina bin wata hanya tukuna.

Saura Jibin Ubangiji. Tsoron da ya hana ki ci da gaba a zuciya tsoro ne mai kyau, amma kin tsaya a rabin ayar. 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci ya sha. Awon don a gyara a zo ne. Abin da kika yi shi ne kin sa kanki ƙarƙashin horo wata bakwai, ba fasto ba dattawa, ba ranar fita, kin hana kanki abincin da aka shirya domin masu rauni. Kuma cinki bai dogara ga amsarta ba. Romawa 12:18 ta ce ku yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunku. In kin je, kin faɗi gaskiya, kin nemi gafarar naki, kin daina riƙe ta da bashi a gaban Allah, naki ya cika ko da ita ba ta motsa ba.

Ki tambayi ranar Jibi mai zuwa, a wasu ikkilisiyoyi kowane wata ne, a wasu bayan wata uku. Ki ƙirga mako biyu baya daga ranar, ki sa ziyarar gidanta kafin nan, don in ana bukatar komawa da matar fasto a sami lokaci. A makon Jibin ki ga fasto, ki gaya masa daɗewar da kika yi ba ki ci ba, da dalili, da abin da kika yi a kai, domin kowace ikkilisiya tana da nata tsari, shi ne kuma makiyayinki. Ranar Lahadin ki nemi wata ta riƙe miki ajin yara da ɗan goyon, ki zauna a ciki har a kawo gurasa da ƙoƙo layinku.